Madafa da Tsakar Gida: Inda Kuɗin Akwati Ke Fitowa, Inda Kuma Suke Zurarewa

Iyayena da yayyena, na san wata za ta ce, "To mi ya haɗa littafin adashi da zancen murhu da randa?" Abin da ya haɗa su shi ne, kusan duk kuɗin da muke zubawa a akwati ranar taro daga madafa suke fitowa. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai awara, mai dakan fura, mai waina, mai daddawa, duk a tsakar gida suke sana'arsu. Madafar nan ita ce shagonmu, ita ce sitonmu. Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta fara irin wannan tsari na akwati da matan Maraɗi, wanda aka sa wa suna Mata Masu Dubara, ƙa'idar ba ta canja ba: ba wanda zai kawo kuɗi daga waje, abin da mace ta tsimin ta kawo shi ake juyawa.

Mu yi ɗan lissafi. A ce kullum naira 100 kacal ke salwanta a madafarki: ɗan mai ya zube, akuya ta sa baki a gari, kin sayi magi alhali akwai wani ƙarƙashin tarin ledoji. A mako naira 700 ke nan. A mako 52 kuma naira 36,400. Ki gwada wannan da abin da kika karɓa ranar rabo na bara. Kuma ban sa kuɗin asibiti a ciki ba.

Wurin aiki da wurin ajiya ba ɗaya ba ne

A gidajen birni ana gina kanta a kicin, doguwa, a kai ake yanka da kwaɓi da zuba abinci. Mu a nan kantarmu ƙasa ce, ko faifai, ko wani tsohon tebur, ko bakin dakali. A zagayen da nake yi gida-gida a Kaura da ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, abin da na fi gani shi ne ko an samu teburin, ba a aiki a kansa. Ya zama wurin tara kaya: gwangwanin tumatir da ba komai ciki, tocila mai mataccen batir, kwalbar magani ta bara, allon yaro, takalmi wari guda. Sai uwargida ta dawo ƙasa tana yanka albasa, kaji na ratsawa, mai rarrafe na jan bakin kwarya.

Don haka abu na farko, ki ware wuri ɗaya wanda aikinsa kawai a yi aiki a kansa a tashi a bar shi fayau. Ba sai an sayi katako ba. Dandamali na ƙasa ya isa, irin yadda ake gina dakali, tsawon kamu 3, faɗin kamu 1 da ɗan wani abu. Tun da yawancinmu a zaune muke girki kan kujera 'yar tsugunno, kada a yi shi da tsayi har ya gagari mai zaune. Daidai gwiwa ya yi. A daɓe samansa sosai, in da hali a shafe da siminti kwano biyu ko uku don ya wanku da ruwa. In ba siminti, a shimfiɗa buhu wankakke, a riƙa ɗagawa ana kakkaɓewa.

Na biyu shi ne wurin ajiya, shi kuma sama yake so, inda akuya da yaro ba sa kaiwa. Ragaya da iyayenmu suke rataye kwarya da ita har gobe ba a yi abin da ya fi ta arha ba. Ƙusa 5 ko 6 a bango, ko turaku da aka kafa tun ginin yana ɗanye, sun ɗauke muciya, ludayi, maburgi, mara da matankaɗi. Wuƙa kuwa a soke ta can sama, kada a bar ta cikin kwano.

Sai shanyar kwanuka. Gwafa 4 a kafa, a gitta itace, a jera kara a sama daidai ƙugu, a wurin da rana ke bugawa. A zuba tsakuwa a ƙarƙashi don ruwan ya nutse. Kwano ya bushe a rana a kife ya fi wanda aka goge da tsumman da ya goge hannun kowa.

Mi zai zauna kusa da murhu, mi zai tafi ɗaki? Ki raba kayanki gida uku a ranki. Na kullum, wato tukunyar tuwo da ta miya, gishiri, kuka, barkono, daddawa, kanwa, su ne kawai ke da izinin zama inda hannu zai kai kina zaune. Na mako-mako, kamar tanda, madambaci da babban kasko, a kife su a sama. Na shekara-shekara, wato manyan tukwanen suna da biki da Sallah, ba su da aikin yi a madafa, su koma ɗaki ko ƙarƙashin gado.

Ban ce a taɓa kayan jere ba. Kwanuka da langa da kuloli da uwa ta sha wahala ta tara wa ɗiyarta dukiya ce, kuma mun san ranar da ta ɓaci su ake fitarwa. Waɗannan su zauna a ɗaki abinsu. Da tarkace nake: fasasshiyar roba, murfin da tukunyarsa ta mutu, ledoji da ake cusawa a kowace kafa da sunan wata rana za su yi amfani. Masu sayen gwangwan suna yawo, su karɓi ƙarfe da dalma da roba su ba da kuɗi ko sabon kwano. Wanda ba ya sayuwa a fitar da shi, don ba abin da yake yi sai ba ɓera da kyankyaso da kunama masauki.

Murhu, iska da hayaƙi

Kafin a ce ga inda murhu zai zauna, a dubi iska. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa rumfar da bakinta ke kallon gabas kullum itacenta jiƙe yake da damina. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa, tana kwasar tartsatsi ta yi kudu maso yamma da shi. To ki tsaya a bakin murhunki ki dubi wancan ɓangaren. In danga ce ta kara, ko zana, ko tarin harawa, ko rumbu, sai a sake shawara: ko dai murhun ya matsa, ko a ja ɗan bango na ƙasa ya tare.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne harawa da kara da ake ɗorawa bisa rumfar girki bayan kaka. Na san dalili, wuri ne da dabba ba ta kaiwa. Amma busasshen abu ne a saman wuta, wata 4 ko 5 ana hura masa zafi, cikin iska. Harawar nan kuɗi ce, wata ma da bashin ƙungiya ta saye ta don ta sayar da bazara. A yi mata tata rumfar can gefen turke.

Hayaƙi kuma mun saba da shi har ba mu ɗauke shi ciwo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. In a ɗaki kike girki da damina, a huda taga can sama kusa da rufi, a ɓangaren da ke fuskantar ƙofa, don iska ta shiga nan ta fita can. A daina hura wuta da leda ko tsohon silifa. Ɗanyen itace kuma ya fi hayaƙi, sai a jera na gobe a gefe ya sha iska, kan duwatsu, nesa da bakin wuta. Mai goyo in za ta daɗe tana suya, gara ta sauke jaririn ta ba wani ya riƙe a inuwa.

Murhun duwatsu uku in aka zagaye shi da ginin ƙasa aka bar baki ɗaya, yana rage cin itace, tukunya kuma ta fi zama daram. Masu suyar ƙosai da awara da ƙuli-ƙuli, ku ne na fi ji. Kaskon mai kada ya zauna a kan hanyar da yara ke bi zuwa ƙofa ko zuwa randa. A sa shi a kusurwa, bango a baya, ke a gaba. In an sauke shi ma haɗarin bai wuce ba, don mai yana daɗewa da zafi kuma ba ya nunawa a ido. In ƙaddara ta faɗa yaro ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta na kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti. Ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki, ban da toka.

Randa

Randar sha tana son inuwa, da gindi mai tsayi, da murfi mai zama. Moɗa kuma guda ɗaya mai mariƙi, a ɗaure ta da igiya a rataye, da ita ake ɗiba a zuba a kofi, ba a kai ta baki. Inda ake samun matsala shi ne moɗar da ke yawo, yanzu tana ƙasa, an jima tana hannun yaron da ya fito daga bayan gida, sannan ta koma cikin randa. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Da yawanmu ba labari aka ba mu ba.

Gudawa da tamowa kuma tare suke tafiya, yaron da cikinsa ke yawan zawo abincin da ya ci ba ya zama a jikinsa. A watan Yuni na 2024 da likitocin MSF da ma'aikatar lafiya ta jiha suka auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, an samu fiye da 1 cikin 4 suna fama da tamowa. Rashin abinci da rashin noma saboda halin da ake ciki su ne babban dalili, ba na musun wannan, kuma ba a hannunmu maganinsa yake ba. Amma murfin randa da murfin kwanon kunun yaro a hannunmu suke.

Butar bayan gida dabam, kada ta kusanci randa. A ajiye ta a bakin makewayi da sabulu, in babu sabulu da toka a gwangwani. Mai rijiya a gida, in za a haƙa sabon masai, a bar tsakaninsu mita 30, kamar taki 40 na babban mutum. In gidan bai kai ba, a tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsabtace ruwa. Ruwan wanke-wanke kuwa a haƙa masa rami a cika da duwatsu, ya fi a bar shi kwance sauro na haihuwa.

Abin da bai kamata ya kwana a madafa ba

Fiya-fiya, Sniper, maganin feshin ciyawa, maganin ɓera, takin zamani, fetur da kananzir. Duk waɗannan su bar madafa da ɗakin kwana, a sa su wuri mai tsayi ko mai kulle. Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni tun 2019, amma har yanzu ana ganinsu a gidaje, wani lokaci kusa da kwalbar mai. Mafi muni shi ne zuba kananzir ko fiya-fiya a robar lemo. Yaro ɗan shekara 2 bai san komai ba sai robar da ya saba sha a ciki. In har ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko nono, a ɗauke shi da robar a nufi asibiti. Jarkar maganin feshi kuma ko an wanke ta sau 10 ba ta zama ta ruwa ko ta mai ba.

Mu 'yan Zamfara mun ga iyakar wannan darasi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano har Bagega. Duwatsun zinari ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, wani wurin a turmin da ake dakan hatsi, ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. In maigida ko samarin gida suna zuwa haƙar ma'adinai, duwatsun da buhunansu da kayan aikinsu su tsaya waje, turmin abinci kuma na abinci ne kawai.

Jari dabam, cefane dabam

Wanga shi ne ya fi shafar akwati. Ƙasar Kaura ƙasar gyaɗa ce tun da daɗewa, don ita da auduga aka kawo layin dogo nan a 1929, har yau kuma gyaɗa ce ke riƙe da sana'ar mata da yawa. Amma sai ki ga mace ta karɓi bashi ta sayi tiya 10, ta jingine buhun kusa da murhu. Yau an ɗebi ta miya, gobe baƙuwa ta zo an soya mata, yara na wucewa suna damƙa. Man da aka matse yana jarka ɗaya da na girkin gida. Ranar biya ta zo, sai ta ce sana'ar ba ta da albarka. Wata 'yar ƙungiya da na zauna da ita muka bi lissafinta tiya-tiya, sai muka ga kusan kashi 1 cikin 5 na gyaɗarta a gida aka cinye, ba wanda ya sata.

Kayan sana'a su samu kusurwarsu a ɗaki, da mudunsu, da jarkarsu mai alama, ko da zare ne ja aka ɗaura. In gida na buƙatar mai, a auna, a biya daga kuɗin cefane ko a rubuta. Da farko abin zai yi kamar rowa, har a yi miki gori. Ki daure, jarin ba naki ba ne ke kaɗai, kuɗin mata 20 ko 25 ne.

Buhu kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. A jera duwatsu ko bulo, a gitta itace, a bar tazarar da tsintsiya za ta shiga ta baya. Gyaɗa da masara in suka sha danshi suna yin fumfuna mai guba da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Wadda ta yi baƙi ko ɗaci a tsince a zubar. Wake kuma buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, in dai waken ya bushe sosai, an matse iska, an ɗaure kowace leda dabam, kuma ɓera bai huda ba. Ɓeran nan ba ɓarna kawai yake yi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi yawa. Tuwon da zai kwana a rufe shi da murfi mai nauyi ko a rataye, faifai kaɗai ba ya hana ɓera.

Akwai wata ajiya kuma da ba ta da alaƙa da girki, amma a halin da muke ciki ba zan tsallake ta ba. Littafin zubinki, katin ɗan ƙasa, katin rigakafin yara, takardar gona ko ta gida, duk a haɗa su a leda ɗaya cikin gwangwani mai murfi, saboda gara da ruwa, a wurin da za ki iya ɗauka a cikin duhu ba tare da lalube ba. Hanyar da ta tashi daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar gida kada a kwana da turmi ko bokiti ko igiyar akuya a kanta. Allah Ya kiyaye mu da tashin dare, amin. Mai ajiyar akwati ita ma ta nisanta shi da wuta da danshi, kuma inda yake ba zancen da za a yi a gidan biki ba ne.

Gidan yawa

Duk abin nan da na faɗa, mai gida ita kaɗai za ta iya farawa gobe. Amma yawancinmu da abokiyar zama muke, ko faccala, ko suruka, ko 'yan uwa da suka baro ƙauye suka zo aka raba ɗaki da su. A irin wannan gida, matsar da randa kaɗai na iya zama rigimar mako guda. Shawarata ita ce ki fara da abin da yake naki, ragayarki da kwanukanki da kusurwar jarinki, kada ki taɓa na kowa. Abin da ya shafi kowa, kamar murhu da shanya da ramin ruwa, a kai shi gaban babbar gida tukuna. "Inna, ya kika gani in muka ɗan matsar da wutar nan saboda jikokinki?" ya fi saurin shiga da "an koya mana a ƙungiya." Abin da ya kai ga huda bango ko gini kuma da sanin maigida.

Masu zaman ɗaki ɗaya, ko na haya ko na aro, ba za su iya gini ba. Su bango da rufi ne filinsu: ƙusa, igiya, ragaya, da bokiti mai murfi guda 2, ɗaya na ruwan sha ɗaya na abinci. Gawayi kuwa kada a kwana da shi a ɗaki a rufe saboda sanyi, iskarsa tana kisa ba tare da an ji wari ba.

Wata za ta tambaya ko za ta iya karɓar bashi ta sayi kabad ko tebur mai gilashi irin wanda ake gani a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Ni ban goyi baya ba. Kabad ba ya haihuwar kuɗi, bashi kuwa da riba ake mayar da shi. Mai sha'awa ta jira ranar rabo. Abin da na ga ya dace a saya da bashi shi ne wanda zai tsare jari kai tsaye, kamar buhun PICS ko jarka sabuwa ta mai.

Sauran aikin gayya ce. Mata 4 ko 5 da ke kusa da juna su haɗu, wannan makon gidan wance, mako mai zuwa gidan wance. Samari su kwaɓa ƙasa, a sari gwafa, mai gida ta dama kunu. Dandamali da zagayen murhu da shanya duk ana gama su a yini ɗaya. A yi shi da rani, tsakanin ƙarshen kaka da watan Afrilu, don ginin ƙasa yana son kwana 5 zuwa mako guda yana shan rana kafin a ɗora masa nauyi, in kuma aka bari sai hadari ya fara tasowa, ruwan farko zai wanke shi.